Gibb River ko Tsaunukan Flinders: Wace Hanya Za Ka Fara Bi a Dajin Ostareliya?

Idan ka samu hutun mako biyu a Ostareliya, zuciyarka ta raya maka ka bar birni ka nausa daji da mota, ka kwana a tanti cikin kwazazzabo, ka leƙa kufan garuruwan masu haƙar ma'adinai, to sunaye biyu za ka yi ta ji daga bakin waɗanda suka riga ka. Ɗaya hanyar Gibb River ce a yankin Kimberley, can arewa maso yammacin ƙasar. Ɗayan kuma tsaunukan Flinders ne a jihar Ostareliya ta Kudu. Masu ba da shawara sukan jera su kamar Hassan da Usaini, alhali ko kama ba su yi ba. Wanda ya je Gibb ruwa ya je nema: tafkuna masu sanyi a gindin duwatsu, inda ake iyo bayan an sha ƙura. Wanda ya je Flinders kuwa duwatsu busassu da tsofaffin kangaye zai tarar. Samun duka biyun a tafiya guda yana da wuya, don haka gara mutum ya san wanne ya fi so tun kafin ya biya kuɗin hayar mota.

Nisa shi ne farkon abin da ke raba su. Daga Adelaide zuwa Wilpena, tsakiyar Flinders, bai wuce kilomita 450 ba, kuma kwalta ce har can. Ka tashi bayan sallar asuba, kafin la'asar ka kafa tanti. Kimberley fa? Daga Perth zuwa Broome sama da kilomita 2,000 ne, daga Broome zuwa Derby wasu 220, a nan ne ma hanyar Gibb take farawa. Ita kanta kimanin kilomita 660 ce har ta faɗa babban titi tsakanin Wyndham da Kununurra, kuma wannan lissafin gangar jikin hanyar ne kawai. Kusan kowane kwazazzabo sai ka ratse ka shiga ciki ka dawo, sai ka ga awon motarka ya haura dubu. Yawancin baƙi jirgi suke hawa zuwa Broome su yi hayar mota a can, su ajiye ta a Kununurra ko Darwin, kuma ajiye mota a garin da ba nan ka ɗauke ta ba yana da nasa kuɗin mai tsoka. Yankin Kimberley ya kusa rabin Najeriya a faɗi, amma mutanen cikinsa ba su kai dubu hamsin ba. Duk abin da za ka saya a can, daga dizal har burodi, sai da babbar mota ta sha doguwar tafiya kafin ya iso, kuma farashinsa zai gaya maka haka.

An gina hanyar Gibb ne a shekarun 1960 domin manyan motoci su riƙa kwaso shanu daga gandun kiwo zuwa tashoshin jiragen ruwa na Derby da Wyndham. Yanzu an shimfiɗa kwalta a bakunanta biyu, amma tsakiyar har yau burji ce, kuma abin da ya yi mata suna shi ne gargada. Duk wanda ya taɓa bin hanyar burji da rani ya san irin ƙunyoyin nan da tayoyi ke yi wa hanya a gicciye, kamar an jera kwanon rufi a ƙasa. To ka ƙaddara kana kansu daga hantsi har la'asar. Idan motar gyaran hanya ta wuce kwanan nan, ka taki sa'a. Idan ta daɗe ba ta bi ba, musamman a tsakiyar lokacin baƙi, haƙoranka ma sai sun ji a jikinsu. Gargada ba ta kayar da mota nan take, a hankali take cin ta: noti ya kwance, shokozoba ya yi zafi ya mutu, wayar batir ta goge, firij ya daina aiki, ƙwai ya zama wainar da ba a soya ba. Dabarar direbobin can ita ce rage iskar taya zuwa tsakanin 25 da 30 a ma'aunin mai faci, sannan a nemi gudun da motar ke ɗan shawagi a kan ƙunyoyin ba tare da ta kuɓuce ba, kada dai a haura kilomita 80 a awa. Matsalar ita ce, a irin wannan gudun tayoyi ba sa riƙe ƙasa sosai, kwana ɗaya mai kaifi ta isa ta juyar da mota. Safaya biyu ake so, ba ɗaya ba, da famfon iska mai aiki da batirin mota, domin mai faci na iya kasancewa kilomita ɗari biyu a gabanka.

Sai kuma koguna. Mafi shahara shi ne mashigin Pentecost, ta ɓangaren gabas, inda babu gada: shimfiɗar duwatsu ce ƙarƙashin ruwa, ga tsaunin Cockburn a baya, shi ya sa kowa ke son hoto a wurin. A farkon rani ruwan yakan yi zurfi, zuwa Agusta kuma wani lokacin da ƙyar yake jiƙa taya. A wasu wurare akan shawarci direba ya fara taka ruwa da ƙafa don ya auna zurfinsa. Ban da Pentecost. Akwai kadojin ruwan gishiri a ciki, manyan nan masu cin mutum. Ka tsaya a gefe ka ga yadda wata motar ta haye, ka sa ƙaramar giya mai jan taya huɗu, ka shiga a natse ba tare da tsayawa ba. Kuma ka karanta takardar hayar motarka da kyau kafin ka sa hannu, domin kamfanoni da yawa sun cire ɓarnar ruwa daga inshora, wasu ma sun hana bin hanyar gaba ɗaya sai da izini a rubuce. Injin da ya sha ruwa, daga aljihunka za a biya shi.

Hanyoyin Flinders ba su da wannan tsanani, kuma abin da na fi so game da su shi ne kai kake zaɓar wahalar da kake iya ɗauka. Hanyar da ta ratsa kwazazzabon Bunyeroo da na Brachina a cikin gadon ƙorama take bi, kan tsakuwa da duwatsu, amma idan ba a yi ruwa ba duk mota mai ɗan tsayi za ta wuce a hankali. Idan hannunka ya faɗa, akwai gandun tumaki masu zaman kansu da suka buɗe hanyoyinsu ga baƙi a kan kuɗi, kamar Skytrek a gandun Willow Springs, wadda ke cin kusan yini guda ana hawa da gangara. Can arewa kuma akwai Arkaroola, inda hanyoyin suka fi tsauri, har wadda ta fi kowacce hatsari, mai zuwa ƙololuwar Sillers, yawancin baƙi a motar masu wurin suke hawanta. Wato sabon direba zai iya koyo mataki-mataki, yau mai sauƙi, gobe mai ɗan wuya, kuma kowace yamma yana kusa da gari. A Gibb babu wannan. Da zarar ka yi nisa, gaba gargada, baya gargada.

Amma fa idan aka zo maganar kwazazzabai kansu, ba zan ɓoye ba, Kimberley ta yi wa Flinders fintinkau. Windjana, wanda mutanen Bunuba, 'yan asalin yankin, ke kira Bandilngan, bangon dutse ne da ya kai mita 100 a wasu wurare, ragowar wani tudun murjani da ke ƙarƙashin teku sama da shekara miliyan 350 da suka wuce. Kogin Lennard ne ya tsaga shi. Da rani kogin yakan tsinke ya bar tafkuna, kadojin ruwan daɗi kuma su fito su yi ta shanya a kan yashi, sai ka ƙirga ka gaji. Waɗannan ƙanana ne, ba su cika kula mutum ba sai an tsokane su. Gaba kaɗan akwai Tunnel Creek, kogo mai tsawon mita 750 da ƙorama ta huda ta ƙarƙashin dutse. Da tocila ake shiga, ana ratsa ruwa cikin duhu har a ɓulla ta ɗaya bakin. A nan ne Jandamarra, jarumin Bunuba da ya yi shekara kusan uku yana gwagwarmaya da 'yan sanda da Turawa masu kiwo, ya riƙa ɓuya, kuma a nan aka kashe shi a 1897. Ka shiga wurin da ladabi. Daga nan sai Bell Gorge mai ruwa yana gangarowa hawa-hawa zuwa cikin tafki, sai Galvans da ke dab da hanya, sai Manning inda sai ka haye kogi da iyo, kayanka a cikin roba, kafin ma ka fara tattakin. A ƙarshen gabas kuma ga Emma Gorge da maɓuɓɓugar ruwan ɗumi ta Zebedee a El Questro. Kusan kullum sai ka yi wanka a wurin da ya fi na jiya kyau.

Wani abu kuma da zai sa Bahaushe ya yi murmushi: kuka. Tun daga Derby za ka fara ganinta tsaye a bakin hanya, da ƙaton cikinta da rassanta tsirara lokacin rani. 'Yar'uwar tamu ce ta jini, sai dai ta can ta fi gajarta.

Kwazazzaban Flinders yawancin shekara a bushe suke. Wanda ya je da niyyar iyo zai dawo da wandonsa bai jiƙe ba. Abin kallonsu daban ne: manyan itatuwan turare masu farin jiki a gadon ƙorama, duwatsu masu canza launi daga ja zuwa shuɗi-shuɗi idan rana ta karkata, da wata ƙaramar dangin kangaru mai rawayen ƙafa da wutsiya zobe-zobe, wadda ke fitowa kan duwatsun Brachina da sassafe ko da yamma. Hanyar Brachina kilomita 20 ce kacal, amma duwatsun da ta ratsa sun ƙunshi tarihin ƙasa na kusan shekara miliyan 130, shimfiɗa kan shimfiɗa, an kakkafa alluna masu bayani. A ƙoramar Enorama akwai wata 'yar alamar ƙarfe a jikin dutse, wadda masana suka amince da ita a 2004 a matsayin mafarin zamanin Ediacara, ɗaya daga cikin zamunan da suka kasa tarihin ƙasa. Sunan ya samo asali ne daga tuddan da ke yammacin tsaunukan, inda Reg Sprigg ya gano burbushin wasu daga cikin tsofaffin halittu masu laushin jiki a 1946. Shi ne kuma daga baya ya sayi Arkaroola ya mai da shi wurin kare namun daji. Idan irin wannan ba ya burge ka, Brachina tuƙin awa biyu ne kawai. Idan yana burge ka, kwana biyu ba za su ishe ka ba.

Inda Flinders ta rama kuwa shi ne tsofaffin garuruwa, kuma ta rama da riba. Blinman na nan kimanin kilomita 60 arewa da Wilpena. Wani makiyayin tumaki mai suna Robert Blinman ne ya ga alamar tagulla a kan wani tudu a 1859, aka fara haƙa a 1862, aka yi ta buɗewa ana rufewa gwargwadon farashin tagulla da tsananin fari, har aka rufe a 1907. Lokacin da garin ke tashe mutanensa sun kai kusan 1,500, da yawansu mahaƙa ne daga Cornwall ta Ingila. Yau mazaunansa 'yan gomiya ne, titi ɗaya, otal ɗaya. Amma ramin yana nan, kuma mutanen garin suna shiga da baƙi ciki, a ga inda aka sassaƙe dutse da guduma da hasken kyandir. Babbar wahalar mahaƙan ba haƙar ba ce, jigila ce: kafin jirgin ƙasa ya iso yankin, da amalanken shanu ake jan kaya har tashar ruwa ta Port Augusta, tafiyar kusan kilomita 200, kuma idan fari ya kashe ciyawa shanun ba sa iya tafiya. Ga mai son kufai na gaske, wanda ba kowa a ciki, akwai Nuccaleena, wani wurin haƙar tagulla da aka narka wa dukiya a farkon shekarun 1860 bai mayar ba. Bututun hayaƙinsa na dutse na nan tsaye shi kaɗai a daji, kuma sai da mota mai jan taya huɗu ake isa.

Wannan matsalar jigila ita ta kawo wani babi da zai taɓa zuciyar Musulmi. A 1866 attajiri Thomas Elder ya shigo da raƙuma sama da ɗari tare da masu kula da su daga yankunan da yau suke Afganistan da Pakistan, ya zaunar da su a gandunsa na Beltana, arewa da Blinman. Daga nan ayarin raƙuma ya zama shi ne motar dajin Ostareliya na tsawon shekaru kusan sittin. Idan ka ci gaba arewa, ka wuce Leigh Creek inda aka daina haƙar kwal a 2015, za ka isa Farina. An kafa garin a 1878 da fatan zai zama rumbun alkama, sunan ma daga kalmar garin alkama aka ɗauko shi, sai ruwan sama ya ƙi. Yau bangaye ne kawai a tsaye, sai wani gidan burodi na ƙarƙashin ƙasa da 'yan sa-kai ke hura wa wuta na 'yan makonni a lokacin sanyi. A gefen maƙabartar garin akwai kaburburan masu raƙuma, suna fuskantar alƙibla. Gaba kuma Marree, inda suka yi unguwa guda, kuma aka sake gina kwatankwacin masallacinsu na laka da rufin ciyawa, wanda da ka gan shi za ka ce na wani ƙauye ne a Damagaram. Jirgin ƙasan da ke ratsa ƙasar daga Adelaide zuwa Darwin, The Ghan, sunansu ya ci, wato daga kalmar Afghan. Daga Marree ne hanyar Oodnadatta ke farawa, ga wanda ke da sauran kwanaki, har ya ɓulla Coober Pedy, garin haƙar ofal, wani dutsen ado mai daraja, tun 1915, inda zafi ya sa mutane da yawa suke zaune a gidajen da suka haƙa cikin tudu.

A kan Gibb kanta babu garin ma'adinai ko ɗaya. Hanyar shanu ce. Sai ka zagayo ta babban titi ka biya Halls Creek, inda aka tsinci zinariya a 1885, aka yi rububin farko a jihar Ostareliya ta Yamma, rububin da bai daɗe ba ya watse. Tsohon garin yana kimanin kilomita 15 daga sabon, abin da ya rage ragowar bangon gidan waya na tubalin laka da maƙabarta. Rabin yini ya isa. Wani zai ce maka ai akwai Wittenoom a yankin Pilbara, kusa da kwazazzaban Karijini, in kana son garin da ya mutu. Kada ka je. Shuɗin asbestos, wani ma'adini mai zare-zare, aka haƙa a wurin har 1966, ƙurarsa ta kashe mutane masu yawa da cutar huhu, gwamnati ta soke garin daga taswira a 2007, kuma tarin sharar haƙar na nan iska na kwasa.

Lokacin hutunka ma yana iya yanke maka hukunci ba tare da ka sha wahalar tunani ba. Kimberley damina da rani gare ta kamar namu, sai dai a juye: ruwa daga wajen Nuwamba zuwa Afrilu, kuma a lokacin rufe hanyar ake yi. Ba wasa ba ne, a Janairun 2023 ambaliya ta karya babbar gadar Fitzroy Crossing ta raba yankin gida biyu. Daga Mayu zuwa Satumba ake bi. Mayu da Yuni ruwa na zuba sosai amma mashigai na da zurfi, Yuli cunkoso, zuwa Satumba zafi ya dawo wasu magangaran ruwan sun ƙafe. Flinders kuwa daga Afrilu har Oktoba lafiya lau, sai dai ka san sanyin dare a Yuni da Yuli yakan kai ruwa ya daskare a bokiti. Hunturun Jos wasa ne. Daga Disamba zuwa Fabrairu zafi yakan haura 40, ga ƙudaje masu neman ido da hanci, ga dokar hana hura wuta. A jihohin biyu duka, bin hanyar da hukuma ta rufe laifi ne mai tara.

Wajen kwana ba su da bambanci mai yawa. Sansanonin gandun daji na gwamnati ta intanet ake kama su tun kafin a tashi, ba a fafe gora ranar tafiya, musamman Silent Grove kusa da Bell Gorge a watan Yuli. Gandun kiwo masu karɓar baƙi sukan ba da wurin wanka da bayan gida. A Flinders ka kiyaye abu biyu: kada ka kafa tanti a gadon ƙorama don yashinsa ya yi maka laushi, ruwan da aka yi a kan tsauni yana iya isowa cikin dare alhali samanka tas take, kuma kada ka kwana ƙarƙashin manyan itatuwan turaren nan, sukan saki reshe ba iska ba komai. A Kimberley kuwa ka yi nesa da bakin duk ruwan da ba a tabbatar maka da lafiyarsa ba. Ko ina ka je, ƙofar gandu yadda ka same ta haka za ka bar ta, kuma ka daina tuƙi kafin magariba, lokacin da kangaru da shanu ke hawa hanya.

Sabis ɗin waya a Gibb sai ɗan wurare jefi-jefi. Ka yi hayar wayar tauraron ɗan'adam ko ka riƙe na'urar kiran agaji, ka ɗauki ruwan sha aƙalla lita biyar ga kowane mutum kullum da ƙarin na kwana biyu ko uku, kuma in mota ta lalace ka zauna tare da ita, domin mai nema daga sama mota yake hangowa, ba mutum ba. Likitocin jirgin sama na ƙasar, waɗanda suka fara aiki tun 1928, suna zuwa, amma sai an iya kiransu. A Flinders ma akwai wuraren da waya ba ta kamawa, sai dai tazarar da ke tsakaninka da Hawker ko Blinman ko Leigh Creek ba ta cika wuce tafiyar awa biyu ko uku ba. Naman halal kuwa, a Adelaide za ka cika firij cikin sauƙi. Mai zuwa Kimberley gara ya yi shirin kifin gwangwani da wake da shinkafa. Kuma ka tuna a can yamma ake fuskanta da sallah, an ɗan karkata arewa. Ranar farko jikinka zai yi ta ja ka gabas.

To wanne? Idan kana da mako uku, da kuɗin da ba za ka yi ta ƙirga shi kowace safiya ba, da abokin tafiya da ya iya sauya taya a rana tsaka, kuma abin da ke ranka shi ne ka faɗa ruwa mai sanyi a gindin dutse, Gibb ce taka, kuma gara ku tafi da mota biyu. Idan kwana bakwai zuwa goma gare ka, ko wannan ne karonka na farko a kan burjin ƙasar, ko da yara a motar, ko kuma kufan mahaƙa ne ya fara ja ka, Flinders za ka nufa. Ni ita zan ba wanda ya tambaye ni karon farko: kwana biyu a Wilpena ana zagaya Bunyeroo da Brachina, kwana ɗaya a Blinman a shiga rami, kwana biyu a Arkaroola, sannan a ɓullo yamma a biya Farina a yi wa masu raƙuma addu'a, a kwana a Marree, a biyo kwalta ta Beltana zuwa gida.